Anya tsofaffinmu masu hawan jini da suga suna gane abin da ake gaya musu a asibiti?

Ɗan Argungu ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ina da tambaya kuma ina son masu jinyar iyaye da ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu su ba ni amsa tsakani da Allah, don abin ya daɗe shina ci mini tuwo a ƙwarya.

Babanmu ya ba saba'in baya. Shekarun baya anka gano shina da hawan jini, daga baya ciwon suga ya biyo. Kuma kar ku ɗauka tsufa ya taɓa mashi hankali, a'a garau yake, in kunka zauna lissafin shinkafar rani, buhu nawa anka samu, nawa anka kashe a taki da man inji da 'yan ƙwadago, wallahi kafin ka gama latsa waya ya gaya maka abin da ya rage, kuma ya san wa ya biya bashi wa bai biya ba tun na bara waccan. To amma mutumin nan in ya fito daga ɗakin likita ka ce Baba mi anka ce, amsar ɗaya ce kullum, "sun ce jinin ya ɗan hau, sun ba ni magani." Ya hau zuwa nawa? Bai sani ba. Wace ƙwaya ce ta jini wace ce ta suga? Sai yac ce ai ga fara ƙarama ga fara babba. Ledojin maganin na nan cikin aljihun riga tare da goro da carbi, rubutun da anka yi bisa ledar ma ya goge.

Abin da ya fi tada mini hankali shi ne da ya ji ƙarfin jikinshi sai ya aje magani, in ka yi magana yac ce lafiyayye ba ya shan magani, shi ya warke. Sai ranar da kai ya fara sara mashi ko ya ji jiri sannan ya lalubo ya sha na kwana biyu ya sake ajewa. In nashi ya ƙare kuma akwai abokinshi na majalisa mai irin lalurar, sai a aiki yaro ya amso ƙwaya biyu ko uku, wai ai ciwonsu ɗaya. An ce ya bar suga, ya bari kam, ko a shayi ba ya sawa, amma ya koma zuma cokali-cokali cikin fura, in ka ce Baba zuma ma zaƙi ce sai ya kalle ka yac ce zumar da Allah ya ce waraka ce?

Ni ba ƙorafi nike a kan Baba ba, tausayi yake ba ni, don na ga abin da ya gane shina riƙe shi hannu bibbiyu, gishirin da anka ce ya rage ya rage, sugan da anka ce ya bari ya bari. Shi ya sa nike zargin tun farko bayanin ne bai isa gare shi ba yadda ya kamata. To haka naku tsofaffin suke ko namu ne kaɗai? Matsalar daga ina take, shekaru ne, ko yadda ake musu bayani a asibiti, ko mu 'ya'ya ne ba mu tsaya ba? Wanda ya samu dabarar da ta yi mashi aiki don Allah ya taimaka muna da ita.

Uwar Biyu ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Malam ba ku kaɗai ba ne wlh, ni uwar mijina ce a hannuna nan Birnin Kebbi, ita ma jini da suga, kuma abin da na lura da shi wanda ba a cika faɗa ba shi ne wanda ake yi wa bayani daban mai riƙe da tukunya daban. Likita ya gaya wa Hajiya ko ɗanta da ya kai ta, su dawo gida a ce wa mata "an hana ta gishiri" magana ta ƙare. To a gidaje da yawa sai a cire gishiri a ƙara dunƙule don miya ta yi ɗanɗano, alhali dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne, ga kanwa a miyar kuka da kuɓewa da wake, ga yajin da aka daka da gishiri da dunƙule ana barbaɗawa a kan komai, ga kilishi in an kawo tsaraba. Duk wannan ba wanda ya kira shi gishiri a gaban tsohuwa don haka a wurinta ta bi doka. Wata nas ce ta zaunar da ni ta ce duk gishirin da babba zai ci a yini har da na cikin dunƙule da burodi da komai bai kamata ya wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, ƙasa da giram 5 in ji hukumar lafiya ta duniya. Ni yanzu daddawa da albasa da citta da tafarnuwa nake ƙarawa, kuma gidan gaba ɗaya na rage wa a hankali ban ware mata tukunya ba, don in kika ware wa tsohuwa abinci lami ita kaɗai gani take an mai da ita saniyar ware, ba za ta ci ba, sai dai ta aiki jika ya sayo mata ƙosai a waje.

Haka alkama. An ce masu suga su ci alkama sai mutane suka ɗauka magani ce, a tuƙa malmala uku a ajiye wa tsoho ya cinye hankali kwance. Ita ma tana ɗaga suga in ta yi yawa, yawan abin da aka zuba a kwano shi ne magana, da yawan ganye da waken da ke tare da shi.

Sai kunya. Hajiya ba za ta taɓa faɗa a gaban ɗanta cewa tana yawan tashi fitsari da dare ko tana fama da ƙaiƙayin gaba ba, balle ɗan fari ne ko sunansa ba ta faɗa. In shi ya shiga da ita ɗakin likita "da sauƙi" kawai za ta ce. In ni ko autarta muka shiga sai ki ji abubuwa na fitowa. Kuma kunnenta ɗaya ya yi nauyi, likita na magana kansa a duƙe yana rubutu, fanka na ƙara, mutane na hayaniya a baranda, ita kuma tana gyaɗa kai don kar ta wahalar da ɗan mutane. Ku sa a duba kunnen Baba da idonsa ma.

Sista Mai Jinya ta rubuta:

Salam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na zauna asibitin ƙauye na zauna na cikin gari a jihar nan, kuma abin da kuka faɗa da shi muke kwana muke tashi. Zan ɗan tsawaita ku yi haƙuri.

Ba mu kaɗai ba ne. Tun 2003 hukumar lafiya ta duniya ta fitar da rahoto cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba kusan rabin masu doguwar jinya ne kawai ke shan magani yadda aka ce. Hawan jini kuwa alƙalumanta na 2023 sun ce manya wajen biliyan 1.28 ke da shi a duniya, kashi 46 cikin ɗari ba su ma san suna da shi ba, kuma kusan mutum 1 cikin 5 ne nasa ya daidaita. To ina ga tsohon da ake ba bayani cikin 'yan mintuna bayan ya yini a layi da yunwa.

Ni a ganina tushen abin shi ne Baba ya yi rayuwarsa duka da cututtukan da ke zuwa su tafi, zazzaɓi, gudawa, mura, ƙurji, ka sha magani ka ji sauƙi ka ajiye, kuma fahimtarsa daidai ce a kan waɗancan. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa wannan wani iri ne daban, ba ya tafiya, danne shi ake yi. Tunda manomin rani ne ku ce masa kamar ban-ruwan shinkafa ne a fadama, gona na kore shar saboda inji na aiki, ranar da aka ga ta yi kyau aka kashe inji ranar ta fara bushewa. Lafiyar da yake ji aikin ƙwayar ce. Kuma a cire masa auna jini da ciwon kai, yawancin masu hawan jini ba sa jin komai, na sha auna wanda ya shigo da ƙafarsa yana raha jininsa ya wuce 180, wani kuma alamar farko da zai gani ita ce shanyewar ɓarin jiki ko a ce ƙoda ta taɓu. Awo kaɗai ke nunawa. Lamba biyu ce, ta sama da ta ƙasa, in ana samun 140 bisa 90 ko fiye a awo daban-daban to hawan jini ne. Ku sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta, duk awon da aka yi a rubuta kwanan wata da lambar, kuma shi Baba ya riƙe littafin da kansa, mutumin da ya iya lissafin buhu zai iya bin lamba biyu, da ya ga da idonsa yadda take sauka in yana sha take hawa in ya bari ba sai kun yi ta jayayya da mahaifi ba.

Ta ɓangarenmu kuma tambayar "kun gane Baba?" ba ta da amfani, ba dattijon da zai ce wa yarinya sa'ar jikarsa bai gane ba. Abin da ke aiki shi ne ki sa ya maimaita da bakinsa cikin girmamawa, "Baba in kun koma gida Inna ta tambaye ku yadda za ku sha wannan me za ku ce mata?" A nan za ki ji inda aka samu tangarɗa. Ku ma 'yan rakiya ku yi haka kafin ku bar tagar famasi, ku ɗaga kowace leda ku ce wannan na mene ne, sau nawa, kafin abinci ko bayan abinci, har zuwa yaushe. Haƙƙinku ne, kar ku ji nauyi don akwai layi a bayanku.

Rubutun takardar ma ku san shi. od sau ɗaya a rana, bd sau biyu, tds sau uku, nocte da dare, 2/52 mako biyu, 1/12 wata ɗaya. Wannan 1/12 ɗin na yi mana ɓarna sosai, mutum ya shanye na wata sai ya ɗauka ya gama, alhali nufin a ba shi na wata ɗaya ne ya dawo a sake aunawa a ƙara masa.

Sannan magani ɗaya na zuwa a kwali kala-kala saboda kamfanoni daban ne. Na ga tsohuwar da ke haɗa ƙwayar hawan jini ta amlodipine biyu kullum, ɗaya na asibiti ɗaya ɗanta ya aiko daga wani gari, a zatonta magunguna biyu ne, tana ta fama da jiri har ta faɗi a banɗaki. Don haka duk zuwa asibiti a tattaro komai a leda guda, na asibiti, na kemis, na gargajiya, har ƙullin garin da aka sayo ranar kasuwa, a zube a gaban likita. Musamman maganin ciwon gwiwa da na gajiya da tsofaffi ke saya a kemis irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, suna ɗaga jini suna taɓa ƙoda suna kawo gyambon ciki in an daɗe ana sha, su dexamethasone da prednisolone da ake jefawa a haɗi kuma suna ɗaga suga. Tsoho bai ɗauke su a bakin komai ba, ba zai ambata ba sai an tambaya.

Wani abin da ke sa su ajiye magani shiru shi ne illar da ba a gaya musu ba tun farko. Amlodipine na iya kumbura ƙafa, lisinopril, shi ma na hawan jini, na iya sa busasshen tari da ba ya jin maganin tari, mai sa fitsari in aka sha da dare ba barci shi ya sa ake cewa da safe, metformin na masu suga na iya ɓata ciki in ba da abinci aka sha ba. In an gaya wa mutum tun a taga zai dawo a canza masa, in ba a gaya masa ba zai ce maganin bai karɓe shi ba ya watsar. Aron ƙwayar aboki kuwa don Allah a hana, ƙarfin maganin kowa daban, ƙodar kowa daban.

Malamin Firamare Jega ya rubuta:

Ni dai ina da ɗan ja. Duk abin da Sista ta faɗa gaskiya ne amma kar mu ɗora komai kan rashin fahimta, wani "na warke" ɗin kara ce. Kawuna ya san komai a kan ciwonsa, ya san sunan ƙwayoyinsa ya san ba a bari, amma ya ga yadda 'ya'yansa ke fama tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi, sai ya dinga raba ƙwaya biyu ko ya sha yau ya tsallake gobe don na wata ɗaya ya kai wata biyu, in an tambaye shi ya ce ai ya ji sauƙi. Dattijon da ya saba shi ke bayarwa ba zai buɗe baki ya ce wa ɗansa maganina ya ƙare ba. Ga kuɗin mota daga ƙauye zuwa gari, ga na awo, ga yinin da za a rasa a gona ko kasuwa. Don haka ɗan'uwa kafin ka yanke cewa Baba bai gane ba ka ƙirga ƙwayoyin da kanka ka san ranar da za su ƙare ka sayo kafin ranar ba sai ya tambaya ba, ka ga ko za a samu canji. Kuma ku gaya wa likita gaskiyar aljihunku, sau da yawa akwai irin maganin na wani kamfani mai rahusa, gara mai araha da za a sha kullum da mai tsada da za a sha rabi. Sannan ku je ofishin KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kebbi, ko ƙaramin asibitin mazaɓarku ku tambayi rajistar inshorar lafiya, dokar inshora ta ƙasa ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa, ba kowa ke samun gurbi ba amma matambayi ba ya ɓata.

Ɗan Argungu ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Malam maganar kara ta shige ni ƙwarai don Baba irin mutanen nan ne. Sista littafin awo za a yi shi insha Allah. Amma ga wasu biyu. Na ɗaya Baba bai karanta boko sam, ajami da Larabci ne nashi, to takardun da aka ba mutane a asibiti ba su yi mashi amfanin komai. Na biyu azumi, ba ya barin Litinin da Alhamis balle watan azumi, kuma shina shan ƙwayar suga da sahur ya tahi fadama, wata rana sai da anka riƙo shi gumi na zuba mashi hannu na rawa, yac ce rana ce ta buge shi. Mi ya kamata mu yi?

Almajirin Gwandu ya rubuta:

Ɗan'uwa tunda Baba na karanta ajami ai rabin aiki ya ƙare. Abin na mini ciwo yadda aka lissafa dattijo cikin waɗanda ba su iya karatu ba alhali ya sauke Alƙur'ani, shina rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami, ko takardar naira 200 da 500 da 1000 akwai ajami a jikinta, amma ledar maganin da lafiyarshi ta dogara a kai ba mai rubuta mashi da rubutun da ya iya. To ku yi da kanku. Ku samu 'yan robobi masu murfi, ku manna farar filasta, a rubuta da alƙalami mai kauri da manyan baƙaƙe, na jini, ɗaya, bayan asuba. Kuma ku bar maganar ƙarfe takwas ƙarfe biyu, tsoho ba ya bin agogo amma ba ya kuskure lokacin salla, ku tambayi nas wace salla ta dace da wace ƙwaya tunda wasu sai da abinci, sannan a aje robobin inda yake aje carbi da darduma ba inda rana ka bugu ba kuma nesa da jikoki.

Batun addini kuma ku bi shi ta ƙofar da ya sani. Hadisi ne ingantacce cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, neman magani bai warware tawakkali. Ko magabatanmu na ƙasar nan ba su raina ilimin jiki ba, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani har da na basir. Ayar zuma gaskiya ce, amma malaman tafsiri da dama sun yi bayanin ba ga kowace cuta ba ce kuma ba ga kowane jiki ba, kuma zuma tana ɗaga suga, wanga abu ne da za a iya nuna mashi da na'urar awo ya gani da idonshi. Azumi kuwa suratul Baƙara aya ta 184 da 185 sun yi ma marar lafiya rangwame, ya sha ya rama, wanda ba a sa ran zai iya ramawa akwai maganar ciyarwa, na nafila kuwa dama ba wajibi ba ne. Amma kar kai ka gaya mashi, ɗa ba ya yi ma uba fatawa ya karɓa cikin daɗin rai, ka samu limamin da yake girmamawa ku tahi tare.

Wani abu da nike so ma'aikatan lafiya su duba. Mai maganin da ka kafa lasifika ranar kasuwa da mai odiyon WhatsApp sun fi asibiti iya bayani, gaskiya ce mai ɗaci. Ba su gaggawa, da harshenmu suke magana, su lissafa ma tsoho abin da yake ji ɗaya bayan ɗaya, kasala, yawan fitsari, zafin tafin ƙafa, har yac ce wanga ya san ciwona, sannan su yi mashi alkawarin rabuwa da suga har abada wanda likitan gaskiya ba zai iya yi ba. In ana so a karɓe tsofaffi daga hannunsu sai an zo inda suke, a ba ma'aikacin lafiya 'yan mintuna bayan sallar Juma'a, a shiga islamiyyun matan aure, a yi shirin rediyo da ake buga waya a yi tambaya, don tsohonmu rediyo na manne da kunnenshi tun asuba.

'Yar Zuru ta rubuta:

Ku ma da kuke da Hausa a baki kun ji sauƙi. Kakata Dakarci ne harshenta, Hausarta ta ciniki ce da gaisuwa, haka za ka samu tsofaffi wajen Kamba da Zabarmanci ko Dandanci, wajen Yauri da Kambarci, ga Fulanin ruga. Wani lokacin likitan ɗan bautar ƙasa ne da bai jin Hausa, sai ya faɗa da Turanci, wani ma'aikaci ya juya Hausa, jika ɗan firamare ya juya wa tsohuwa, kafin magana ta isa rabi ya zube a hanya, kuma yaro ba zai iya faɗa wa kakarsa wasu abubuwan ba. Abin da muke yi yanzu babba ke raka ta kuma mutum ɗaya ne kullum ba yau wannan gobe wancan ba, kuma muna neman izinin nas mu naɗi bayanin shan maganin a waya, a gida a sake saurara a juya mata a natse, a tura wa sauran 'yan'uwa don kowa ya san abu ɗaya.

Sista Mai Jinya ta rubuta:

Ɗan Argungu wannan gumin da rawar hannun da ka faɗa kar ku ɗauke shi wasa, ya yi kama da faɗuwar suga kuma tana iya kisa cikin ɗan lokaci. Kowa ya san suga na hawa, kaɗan ne aka gaya wa yana faɗuwa. Ka duba ledojin ko akwai ƙwayar suga mai suna glibenclamide, wasu sun fi saninsa da Daonil, shi da allurar insulin su suka fi kawo wannan, balle ga tsoho mai azumi da ke aiki a rana. Alamunsa gumi, rawar jiki, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, wani ya rikice ya dinga magana ba kan gado har a ce tsufa ne ko iska. In yana cikin hayyacinsa a ba shi suga cokalin shayi uku a ruwa ko lemon kwalba mai zaƙi nan take, a nan zumar ma ta yi amfani, bayan minti 15 in bai dawo daidai ba a ƙara, sannan ya ci abinci. In ya suma kar a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a yi asibiti.

In kuna da na'urar awo a gida, ƙasa da 70 suga ya faɗi, mai azumi ya karya ko da saura kaɗan a sha ruwa, haka in ya haura 300. Ku lura na'urorin iri biyu ne, wata na nuna mg/dL wata mmol/L, 70 a ta farko shi ne 3.9 a ta biyu, da 18 ake ninkawa, na ga gidan da hankalinsu ya tashi don sun ga 7 alhali sun saba ganin ɗari da wani abu. Kuma ɗigon jinin da ake ɗauka a yatsa don awo malamai sun ce ba ya karya azumi, ku tabbatar masa da wannan don da yawa na ƙin awo da rana saboda shi.

Maganar masu lasifika da Almajirin Gwandu ya kawo, suna yawan ɗaga kwalba su ce akwai lambar NAFDAC. Ga maganin gargajiya lambar da ke ƙarewa da harafin L tana nufin an duba ba a ga cutarwa ba a iya binciken da aka yi, ba shaidar yana warkarwa ba ce, a jikin kwalbar ma ana rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba, da Turanci da ƙananan baƙaƙe.

Kowa a gidan har yara su san in bakin Baba ya karkace ko hannu ɗaya ya saki ko magana ta sarƙe, mota za a nema a lokacin ana addu'a ana tafiya, ba a jira gari ya waye. A dinga duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu tunda yana shiga fadama, mai suga na iya taka ƙaya bai ji ba.

Na Litinin da Alhamis a dakata har likita ya gan shi a cikin makon nan, a gaya masa abin da ya faru a fadama dalla-dalla. Na watan azumi kuma ku je tun saura mako shida zuwa takwas a tsara, don akwai ƙwayoyin da ake mayar da babban kasonsu lokacin buɗa baki a rage na sahur, akwai waɗanda ake canzawa gaba ɗaya, akwai kuma mutanen da likita zai ce kar su ɗauka, irin mai ciwon ƙoda da ya yi nisa ko wanda sugansa ya yi mummunar faɗuwa cikin wata uku da suka wuce.